Launin Mayafi da Hasken Fuska: Nazarin Lamarin Wata Malama a Maradi

Wadda abin ya shafa

Matar da wannan nazari ya shafa malamar makarantar firamare ce a birnin Maradi, tana da shekara 34 lokacin da abin ya faro, da aurenta da ƴaƴa uku. An sakaya sunanta da na unguwarsu. Baƙa ce amma ba ƙirin ba, domin fatarta ta fi wankan tarwaɗa duhu ne kawai, kuma idan rana ta haska gefen kumatunta ana ganin wani ja-ja a ƙarƙashin baƙin. Ƙwayar idonta baƙa ce, farin idon tas, leɓɓanta kuma masu duhu. Kafin 2024 ba ta taɓa yin ciwon fata ba, abin shafawarta bai wuce man kaɗe da basilin ba, shi ma sai lokacin ɗari take yawaita shi.

Suturarta irin ta yawancin matan aure ce a garin: riga da zani na atamfa a ranakun aiki, shadda da Salla, leshi idan ana biki, kuma ba ta fita sai da hijabi ko babban gyale. Wannan na ƙarshen shi ne jigon lamarin, domin hijabi yana zagaye fuska ta kowane ɓangare, ya rufe gashi da kunne da wuya, ta yadda launi ɗaya tak ne yake maƙwabtaka da fatar fuska, wato launin yadin. Da aka lissafa kayanta daga baya an samu kala 14 na ɗinki da hijabai da gyale 9. Bakwai daga cikin taran nan masu haske ne koɗaɗɗu, irin su ruwan hoda mai toka-toka, ruwan siminti da ruwan madara, waɗanda ta saya saboda su ake yayi, kuma saboda zafin Afrilu da Mayu da yakan haura digiri 40 yana sa mutum ya guji abu mai duhu. Fiye da rabin ɗinkunan ba ita ta zaɓi launinsu ba: wasu anko ne, wasu ragowar kayan lefe, wasu kuma tsaraba.

Afrilu 2024: farkon matsalar

Mako guda bayan ƙaramar Salla aka yi bikin ƙanwar mijinta. Ankon da aka fitar leshi ne ruwan hoda mai toka-toka, da gyale irinsa. Ba don kyansa aka zaɓe shi ba. Kayan yadin Maradi da yawa daga Kantin Kwari na Kano suke shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa, iyakar kuwa ta kasance a rufe tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris 2024, saboda haka lokacin da uwar biki ta nemi abin da zai ishi mata kusan arba'in iri ɗaya, wannan kaɗai ɗan kasuwar yake da isasshe a hannu.

An yi wunin da yamma har zuwa bayan isha'i, ƙarƙashin rumfa da fararen ƙwayayen lantarki. Washegari hotuna suka cika WhatsApp na dangi. A cikinsu fuskar malamar ta fito da duhu marar sheƙi, ƙasan idanunta ya zurma, gefen bakinta ya yi toka-toka, alhali wata ƙawarta fara da ke tsaye kusa da ita cikin wannan ankon ta fito fes. Mata uku ne suka tambaye ta ko ciwo ta yi. Gwaggonta ta kira ta a waya ta ce: "Ƴar nan, aikin makarantar nan ya cinye ki. Kin yi baƙi, kin rame, ki nemi magani."

Matakin da ta fara ɗauka shi ne zuwa asibiti. An auna jininta aka samu giram 12.6, wanda bai kai matsayin ƙarancin jini ba ga macen da ba ta da ciki, tunda iyakar da ake amfani da ita giram 12 ce. Nauyinta kilo 63, daidai da na shekarar da ta gabata. An ce mata lafiyarta lau. Amma maganar gwaggon ta riga ta zauna mata, kuma duk sanda ta saka ɗaya daga cikin hijaban nan masu haske ta dubi madubi, fuskar da ta gani a hoton ce take sake gani.

Mayu zuwa Satumba 2024: man sauya fata

A farkon Mayu wata maƙwabciyarta mai sayar da kayan shafa ta haɗa mata mai cikin roba marar suna, tare da wani ƙaramin bututu da aka rubuta clobetasol kashi 0.05 cikin 100 a jikinsa, ta ce ta riƙa gauraya su tana shafawa safe da dare. Kuɗinsa jika 6 na sefa a wata. Cikin mako uku fuskar ta yi haske, abokan aiki suka fara yaba ta, wannan ya sa ta ƙara da wuya da hannaye.

A watan Yuli ƙuraje ƙanana suka feso mata a goshi da haɓa. Zuwa Agusta, idan ta yi tafiyar minti 15 a rana daga gida zuwa kasuwa, kumatunta sai su yi ja suna raɗaɗi, gaɓoɓin yatsunta kuma suka rage baƙaƙe a kan bayan hannun da ya yi fari. Duk inda ƙurji ya warke sai ya bar baƙin tabo. A wannan watan aka yi wani suna, ta je da gyalen ankon nan na Afrilu, aka yi hoto. Fuskar ta fi ta Afrilu haske ba shakka, sai dai toka-tokan nan na gefen baki da zurmin ƙasan ido suna nan yadda suke, ga kuma tabba da suka ƙaru a kai. Ta ci gaba da shafawa har ƙarshen Satumba, jimilla wata biyar da jika 30.

Oktoba 2024: barin man

Da ta gwada dainawa da kanta, kwana huɗu kawai ta iya, saboda fuskar ta kumbura tana ƙaiƙayi da zafi. Daga nan ta je wurin likitan fata. Ya bayyana mata cewa clobetasol yana cikin mafi ƙarfin magungunan shafawa na rukunin kotizon, ana rubuta shi ne na ƴan makonni domin wasu cututtukan fata, ba a kuma son sa a fuska, domin daɗewa a kansa yana sirantar da fata, ya kawo ƙuraje da nankarwa, idan kuma aka yanke shi farat ɗaya fatar takan yi bore irin wanda ta gani. Game da robar marar suna, ya ce irin wannan haɗi yakan ƙunshi haidrokinon, wanda daɗewa ana shafa shi kan bar baƙin tabo mai shuɗi-shuɗi a kumatu da ba ya fita cikin sauƙi, wani lokaci kuma har da zaiba, mai lalata ƙoda. Saboda irin wannan ne ƙasar Kodebuwa ta haramta mayukan sauya fata a 2015.

Ya sa ta jefar da haɗin a ranar, ya sauya mata kotizon mai rauni wanda za ta riƙa ragewa cikin mako huɗu, ya ce ta kare fuskarta daga rana, ta kuma yi haƙuri da tabban domin fitarsu sai a hankali, cikin watanni. Zuwa tsakiyar Nuwamba kumburi da raɗaɗi sun tafi, launinta na asali ya fara dawowa, amma ba bai ɗaya ba.

Nuwamba zuwa Disamba 2024: gwajin jijiya da manhajar waya

Ƙanwarta, ɗaliba a jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, ita ta fara kawo maganar cewa wataƙila launin kayan ne bai dace da ita ba, ta nuna mata bidiyoyin nazarin launin mutum da suka yawaita a intanet, musamman daga Koriya ta Kudu inda abin ya zama sana'a da shagunanta.

Tsarin yana da tarihi. Johannes Itten, mai zane ɗan Suwizalan da ya koyar a makarantar Bauhaus ta Jamus daga 1919 zuwa 1923, ya lura cewa ɗalibansa sukan karkata ga launukan da ke tafiya da kamanninsu, ya kuma danganta rukunin launuka da lokutan shekara. A 1980 wata Ba'amurkiya, Carole Jackson, ta fitar da littafin da ya yaɗa wannan tunani a duniya, inda aka raba mutane gida huɗu da sunayen lokutan shekarar Turai: rukuni biyu na masu fatar da ke karkata ga rawaya da zinariya, waɗanda ake kira masu ɗumi, da biyu na masu karkata ga shuɗi da hoda, waɗanda ake kira masu sanyi. An gina rabon ne bisa bambancin launin gashi da ido da fatar Turawa, shi ya sa idan aka zo kan baƙar fata, inda gashi da ido kusan duk baƙaƙe ne, galibi akan tura kowa rukuni ɗaya ko biyu, na kaka, mai ɗumi, ko na hunturu, mai sanyi.

Sun fara da gwajin jijiya, wato a dubi jijiyoyin wuyan hannu, idan sun yi kore mutum mai ɗumi ne, idan shuɗi mai sanyi. A hannun malamar jijiyoyin ba su nuna wani launi ba, domin yawan sinadarin melanin da ke saman fata yana rufe su. Sai suka koma ga wata manhajar waya da ake ba ta hoto ta faɗi rukunin mutum. Hoto biyar suka ba ta: biyu da aka ɗauka a ɗaki da dare, ɗaya a tsakar gida da rana tsaka, biyu a zaure da hantsi. Sau uku ta ce kaka, sau biyu ta ce hunturu. Suka bi rinjaye.

Launukan da manhajar ta jera wa rukunin kaka su ne ruwan ƙasa, kaki, koren zaitun da ruwan zuma. A Disamba malamar ta shiga babbar kasuwa ta sayi atamfa turmi biyu, kowane yadi 6, da hijabai biyu, ruwan ƙasa da koren zaitun, a kan jika 31. Toka-tokan ya ragu a cikin waɗannan, amma wata matsalar ta fito. Ruwan ƙasan ya yi kusa da launin fatarta ƙwarai, har daga nisan taku biyar ba a rarrabe inda hijabi ya ƙare da inda kumatu ya fara. Mijinta ya ce mata fuskarta ta ɓace a ciki. Koren zaitun kuwa ya sa tabban goshinta suka ƙara fitowa.

Janairu 2025: gwajin ƙyalle na farko

Telarta, wata Hajiya da ta haura shekara ashirin a kan keke, ta ce a bar waya a kara yadi a fuska a gani da ido. Suka yi hakan a shagonta bayan magariba, lokacin da malamar take samun sarari. Ƙwan lantarkin shagon fari ne mai shuɗi-shuɗi, bangon an shafe shi da koren fenti, malamar ta zo da hoda a fuska, ga shi kuma tsakiyar hunturu ne, fatarta ta bushe ta yi furu-furu saboda iska da ƙura. Ƙyalle goma suka gwada, ba bisa wani tsari ba, duk wanda hannu ya kai gare shi. Suka tsaya a kan wani ja da ya yi kyau a daren. Washegari da ta kara shi a tsakar gida, sai ya koma ja mai ruwan goro-goro, ba shi ne abin da suka gani ba, kuma ba ta iya tuna yadda sauran taran suka kasance ba. Ba a sayi komai bisa wannan gwaji ba.

Fabrairu 2025: gwaji na biyu

A nan ne Hajiyar ta gayyato ni, kasancewar ina koyar da ɗinki da haɗa launi. An tsara gwajin na biyu da sharuɗɗa. An jinkirta shi zuwa ƙarshen wata, wato kusan wata huɗu bayan barin man, domin launin fatar ya daidaita, aka kuma ce ta yi mako biyu tana shafa man kaɗe dare da safe don bushewar ta lafa. An zaɓi ranar da babu hazo, daga ƙarfe 9:30 zuwa 11 na safe, a barandar gidan yayarta da ke kallon arewa, domin a wannan lokaci na shekara rana tana bi ta kudu ne a sararin Maradi, ɓangaren arewa kuwa yana samun haske mai yawa ba tare da rana ta faɗa kai tsaye ba. An rataya farin zanin gado a bayanta don ya rufe jan bangon. Ba hoda, ba jan baki, ba kwalli, ba ɗan kunne. An kawo ƙyallaye 24 daga ragowar ɗinkin Hajiya, kowane kimanin santimita 50 a tsawo da faɗi, duk marasa zane, aka jera su bibbiyu.

Jerin ya bi abubuwa uku da Albert Munsell ya rarrabe a tsarin launinsa na 1905: jinsin launi, haskensa ko duhunsa, sai ƙarfinsa, wato ko rinin ya kama shar ko koɗaɗɗe ne. Galibi kowane biyu sun bambanta ne a abu ɗaya kawai, misali kore shar da koren da ya koɗe, ko shuɗi mai duhu da ruwan bula, ko ja mai karkata ga goro da ja mai karkata ga malmo. Ana naɗa ƙyallen ya zagaye fuskar kamar hijabi, a ɗora na biyun a kansa, sannan a zare na saman da sauri. Masu kallo uku ne, Hajiya da yayar da ni, kowa da takardarsa, ba a magana sai an rubuta. Wurare huɗu ake duba: ƙasan ido, gefen baki, farin ido, da layin haɓa. Ita malamar an juya mata madubi baya a zagayen farko, saboda mutum yakan zaɓi launin da yake so ne ko da bai karɓe shi ba.

Biyun da suka fi nuna bambanci su ne na shida. An naɗa mata gyalen ankon Afrilu a sama, a ƙarƙashinsa kuma wani ƙyallen shadda da aka rina da baba, shuɗi mai duhu. Da gyalen a kanta, ƙasan idon ya yi inuwa, tabo ukun da ke goshi suna ƙirguwa daga inda muke zaune, leɓen ƙasa ya yi kamar an barbaɗa masa toka. Hajiya ta zare gyalen. Tabban suna nan, amma sai an neme su, ja-jan kumatun ya taso, farin idon ya ƙara fitowa, layin haɓa ya fita sarai. Yayar ta ajiye biro ta ce: "Hajiya, don Allah mayar da na farkon mu sake gani." Sau uku aka maimaita, sakamakon bai sauya ba. Daga nan aka juyo da madubin, aka yi mata a gaban idonta.

Cikin 24 ɗin, bakwai duk mu uku mun rubuta cewa sun karɓe ta: shuɗin baba, kore shar mai duhu, ruwan hanta, ruwan malmo, jan da ya kama sosai, ruwan goro mai ƙarfi, da fari tas. Tara mun haɗu a kan ba su karɓe ta ba, cikinsu har da ruwan hoda mai toka-toka, ruwan siminti, ruwan madara, kaki, ruwan ƙasa, koren zaitun da ruwan bula. Takwas ra'ayi ya rabu ko kuma sun tsaya tsaka-tsaki. Baƙi yana cikin waɗannan, domin ya fito da ido amma ya ƙara wa tabban duhu. Ruwan ɗorawa Hajiya ta so shi, ni da yayar muka ga ya rinjayi fuskar har ido yana tafiya kan yadin. Tsakanin zinariya da azurfa, zinariya ta ɗan fi, ba da nisa ba.

An ɗauki hoton kowane ƙyalle da waya ɗaya, daga wuri ɗaya, bayan an kulle awon hasken kyamarar a kan fuskar ta hanyar danna allon a riƙe. An kuma ɗauki fari tas sau biyu, da kulle da babu. A wanda ba a kulle ba fuskar ta yi duhu sosai, duk da cewa a ido farin ya yi mata kyau.

Maris zuwa Yuni 2025: aiki da sakamakon

Hajiya ta yanko ƙananan ƙyallaye daga bakwai ɗin nan ta ɗinke su a jikin kwali mai girman tafin hannu, malamar ta riƙa yawo da shi a jaka. Ƙa'idar da aka ba ta wajen sayayya ita ce kada ta yanke shawara a cikin rumfa, inda tamfol mai launi da ƙwan lantarki suke sauya kamannin yadi, ta roƙi mai shago ta fito da turmin bakin ƙofa cikin inuwa, ta kara shi da kwalin.

Ba a zubar da ɗinki ko ɗaya ba. Atamfofin Disamba masu ruwan ƙasa da kaki ta ci gaba da saka su, tunda hijabi yana rufe su daga fuska. Abin da aka sauya shi ne na kai. Ta sayi hijabai uku, shuɗi mai duhu, ruwan hanta da kore shar, a kan jika 13 da rabi, an kuma zaɓi yadi mara nauyi saboda zafin da ke tafe. Gyale uku daga cikin koɗaɗɗun aka kai wa marini. Biyu na auduga ne, sun kama: ruwan simintin ya koma shuɗi mai duhu, ruwan hodan kuma da shuɗi ya hau kansa ya koma ruwan malmo. Na ukun zaren roba ne, rinin bai zauna ba, ya fito dabbare-dabbare, aka yi asararsa.

Da ƙaramar Salla, a ƙarshen Maris, ta saka tsohuwar shaddarta da sabon gyale ruwan hanta. Gwaggon da ta yi maganar farko ta ce mata ta murmure, ta tambayi wane magani ta sha. A Yuni, bayan Sallar layya, aka sake fitar da anko a dangi, wannan karon atamfa mai ruwan toka. Anko ba abin da mace za ta ƙi ba ne a bikin dangin miji, saboda haka aka nemi hanya a cikinsa. Hajiya ta yi wa wuyan rigar baki da shuɗin yadi mai faɗin yatsa uku, malamar ta saka hular ciki shuɗiya da ke leƙowa yatsa biyu a goshi ƙarƙashin kallabin ankon, ta yafa gyalen da aka rina, ta sa ɗan kunnen zinariya. Hoton ya fi na Afrilu 2024 nesa ba kusa ba, ko da yake bai kai na Salla ba, domin kallabin mai toka yana nan a kanta.

Abin da lamarin ya nuna

Abubuwa uku ne suka haɗu suka haifar da hoton Afrilu, kuma babu fatar malamar a cikinsu. Na farko shi ne abin da Michel Eugène Chevreul, masanin sinadarai da ya shugabanci sashen rini na masaƙar Gobelins a Faris, ya bayyana a 1839: idan launi biyu suka yi maƙwabtaka, ido yana tura kowane zuwa ga kishiyar ɗan'uwansa, kuma abu mai duhu yana ƙara duhu kusa da mai haske. Ruwan hoda yana sa maƙwabcinsa ya karkata ga kore, koren nan kuwa yana kashe ja-jan da ke ba fatarta rai, sai toka-toka ya rage. Shuɗin baba yana yin akasin haka, yana tura fatar zuwa ga ruwan goro. Na biyu shi ne kyamarar waya, wadda take auna hasken hoton gaba ɗaya, idan yadi mai haske ya cika shi sai ta rage, fuska mai duhu ta nutse. Na uku fararen ƙwayayen lantarki masu arha, waɗanda yawancinsu ba su da wadataccen ja a haskensu, fata mai ja-ja kuwa ita ta fi cutuwa da wannan. Man sauya fata bai taɓa ko ɗaya daga cikin ukun ba, shi ya sa hoton Agusta ya maimaita na Afrilu.

Manhajar ta gaza ne saboda launin da take karantawa na hoton ne, hoton kuma yana sauyawa da haske. Amma ko da ta tsaya a kan amsa ɗaya, a ganina ba za ta wadatar ba. Launuka bakwai da suka karɓi malamar sun ratsa rukunin ɗumi da na sanyi, ga ruwan goro ga ruwan malmo, abin da ya haɗa su shi ne ƙarfin rini da kuma nisa daga launin fatarta, ko dai su fi ta duhu ko kaifi, ko su yi fari tas. Tambayar ɗumi ko sanyi, wadda tsarin lokutan shekara ya ɗora komai a kanta, ita ce mafi ƙarancin tasiri a wannan fuskar. Ba na cewa haka yake ga kowace baƙar mace. Yayarta, wadda ta fi ta haske kuma fatarta ta karkata ga rawaya, da aka kara mata ruwan zuma a ranar ya yi mata kyau, ruwan malmo kuma ya dusashe ta, alhali uwa ɗaya uba ɗaya suke.

Gwajin Fabrairu ya yi aiki inda na Janairu ya gaza domin an tsayar da komai, an bar abu ɗaya yana sauyawa. Yana da rauninsa: masu kallo uku ne kawai, dukanmu mun san tarihin matar kuma muna fatan a dace, ƙyallayen kuma ba yadi iri ɗaya ba ne, shadda tana sheƙi, atamfa ba ta yi. Abin da ya fi damuna shi ne tsarin da abubuwan suka zo. Gwajin da bai ci ko dala ba, wanda aka gama cikin awa ɗaya da rabi da ragowar ƙyallen tela, shi ne ya zo na ƙarshe, bayan jika 61 da wata biyar na kotizon a fuska. Zuwa asibiti da ta fara yi daidai ne, domin dusashewar fuska tana iya zama alamar ƙarancin jini, kuma bai kamata a rufe wannan da gyale ba. Amma da aka ce lafiyarta lau, babu wanda ya tambaye ta me ta yafa a ranar.

Zuwa ƙarshen Yuni 2025 biyu daga cikin tabban goshin sun kusa ɓacewa, na ukun da wani a kumatun hagu suna nan, kumatun kuma har yanzu suna yin ja idan ta daɗe a rana, likitan ya ce ta koma bayan wata uku. Baƙi da ruwan ɗorawa, waɗanda ra'ayi ya rabu a kansu, an ajiye za a sake gwada su a barandar nan idan tabban sun gama fita.